An Tsayar da Rubutu

Shafi na 31

Na ga saƙonninku, har da na mai cewa in ban sako yau ba za ta biyo ni gida. Yi zamanki, ga shi. Malama tana nan inda muka bar ta, a ƙarƙashin ginin Majalisa.

*

Akwati ɗaya ya rage a kan teburin.

Malama ta zauna tana kallonsa, ta ƙi buɗewa. Kwali ne mai ruwan ƙasa, an ɗaure shi da zare, a gefensa an rubuta "Kwamitin Shari'a da Hukunta Laifuka" da tawadar da ta kusa gogewa. Irinsa nawa ta buɗe a ɗakin adana bayanan nan? Ta daina ƙirgawa. Tun tana zuwa da addu'a a baki har ta koma zuwa kamar mai aikin albashi. Ta bar jaka da waya wajen mai gadi, ta karɓi kati da fensir, ta sauko matakala, ta zauna. Ko faɗuwar gaba ta daina. Ba tsoro, ba sa rai, zuciyar dai tana nan a ƙirji tana aikinta.

Abin da ya kawo ta ba shi da tsawo. Ƙaninta Auta direban tasi ne. Wasu mutum uku suka ɗauke shi shata, suka ce ya jira su a bakin wani sito. Ya ji ƙarar bindiga, suka fito a guje, ɗaya ya ɗora masa bakin bindigar a ƙeya ya ce ja mu tafi. Mai gadin siton ya rasu. Su ukun har yau ko ƙyallinsu ba a gani ba. Auta da ƙafarsa ya kai kansa wajen 'yan sanda, shi aka riƙe, shi aka yanke wa hukuncin rataya.

Sashe na tara na dokar ya ce duk wanda ya tuƙa motar da aka yi fashi da ita har aka kashe rai, hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi kisan. Alƙali ya ce ya duba sama ya duba ƙasa bai ga inda aka rubuta "da saninsa" ba, shi kuma ba zai ƙara wa doka abin da masu ita ba su sa ba.

Saura kotu ɗaya. Lauyansu ya ce su can sukan tambayi me 'yan majalisa suke nufi ranar da suka yi dokar. In akwai inda wani ya miƙe ya ce ba da direban da bai sani ba ake ba, a samo masa. Shi ya sa Malama ta ɗauki hutu a makarantar da take koyarwa ta tare a nan.

Muhawarar zaure kam ta karance ta tas. 'Yan majalisa, Allah ya ba su baki. Sun cika shafuka suna taya juna murna, sun cika wasu suna faɗa a kan fankar da ta lalace. Da aka zo sashe na tara kuwa layi ɗaya ne: an amince da shi kamar yadda kwamiti ya kawo. To, ga kwamitin a gabanta.

"Buɗe mana, ba ya cizo."

Matar da ke kula da ɗakin ce, wadda ma'aikata ke kira Mai Kundi. Tana zaune bayan teburinta da tabarau mai igiya da filas ɗin shayinta.

"In babu a ciki fa, Anti?"

"In babu, babu. Sai ki tafi gida kujerar nan ta samu ta huce."

Malama ta kwance zaren.

Takardu ne sirara da aka buga da tafireta, shekara ashirin da wani abu, sun yi ɗorawa-ɗorawa. Mambobin kwamitin ta riga ta san su kamar maƙwabta, har ta raɗa musu sunaye. Akwai Shugaba, wanda in ya fara jimla sai ya ga ƙarshen shafi. Akwai Na-goyi-baya, wanda ba ta taɓa ganin ya faɗi wani abu ban da wannan ba. Sai Mai Amma, wani ɗan taurin kai da ba ya buɗe baki sai da "amma".

A tsakiyar ƙunshi na biyu yatsanta ya tsaya.

Mai Amma: Amma, mai girma Shugaba, ina neman a ƙara kalma biyu a sashe na tara. A sa "da saninsa". Direban haya ba ya bincika aljihun fasinja. In muka bar shi haka, wata rana za a rataye wanda laifinsa kawai ya tsaya da aka tsayar da shi.

Ga shi. Abin da ta bar aikinta take nema, ga shi baƙi a kan fari. Ta jira ta ji wani abu, ko murna ko kuka. Ƙishirwa kawai ta ji. Ta ci gaba.

Shugaba: Za mu dawo kan gyaranka bayan mun saurari shaida ta gaba. Mace ce da ta rasa mijinta, an nemi a sakaya sunanta. Bismillah, baiwar Allah.

Shaida ta Huɗu: Ni ban iya magana a gaban manya ba, ku yi haƙuri. Mijina a gidan mai yake aiki. Bai hana su komai ba, da hannu biyu ya miƙa musu jakar, duk da haka suka harbe shi. Mota tana jiransu a bakin titi, ko kashe ta ba a yi ba. Ba don motar nan ba, da mutane sun tare su. Direban kaɗai aka kama. Ya ce shi bai sani ba, aka sake shi.

Shugaba: Muna jin ki.

Shaida ta Huɗu: Da aka kawo mini kayansa, abin da ke aljihunsa takalmin 'yata ne na makaranta, ƙafa ɗaya. Maɗaurin ya tsinke, ya ɗauka da safe ya ce zai biya wajen mai gyara. Yarinyar har yau tana tambayata yaushe Baba zai kawo mata takalminta.

Malama ta wuce layin. Ta dawo. Ta sake wucewa, ta sake dawowa.

Ja ne takalmin. Ba a rubuta ba, amma ja ne. Ta tuna yadda ta yi ta zuwa makaranta da silifas ɗin 'yar maƙwabta, wanda ya yi mata yawa. Ta tuna yadda ta dami Mama da tambaya, safe da yamma, har ranar da Mama ta juyo ta wanke ta da mari. Shi ne mari na farko kuma na ƙarshe da ta taɓa yi mata.

Ta san 'yan fashi ne suka kashe Baba, kowa a gidansu ya sani. Amma ba wanda ya taɓa gaya mata Mama ta taka ƙafarta ta zo ginin nan.

Ta gyara zama, ta ɗora yatsa a layi na gaba kamar ɗalibar aji ɗaya.

(Jaririn da ke bayan shaida ya yi kuka. An dakata kaɗan.)

Shugaba: A bar shi ya yi kukansa. Saboda shi da irinsa muke zaune a nan.

Na-goyi-baya: Na goyi baya.

Mai Amma: Amma, baiwar Allah, ina da tambaya guda, kuma ina roƙon ki yafe mini ita.

Shugaba: A tsayar da rubutu.

(An tsayar da rubutu bisa umarnin Shugaba.)

(An ci gaba.)

Mai Amma: Na janye gyarana.

Shi ke nan. Shafi na gaba maganar kuɗin shayin zama ake yi. Malama ta lura da abu ɗaya, a duk akwatunan da ta buɗe wannan ne kaɗai wurin da mutumin ya yi magana babu "amma".

Ta ɗauki fensir ta kwafe shafin, kalma bayan kalma. Ta miƙe ta je gaban teburin Mai Kundi.

"Anti, in aka ce an tsayar da rubutu, shi ke nan abin ya ɓata?"

Mai Kundi ta karɓi shafin ta duba ta ƙasan tabarau.

"Masu rubutu ne suka ajiye alƙalami. Mai na'urar ɗaukar magana yana wani ɗaki daban, waya kawai aka ja masa. Shi ba ya jin umarnin kowa, daga buɗe zama har rufewa faifansa na juyawa. Haka ake aikin tun kafin a ɗauke ni."

"Faifan yana nan?"

"Yana ɗakin sanyi. Kar ki yi saurin murna."

"Ba murna nake ba."

Matar ta ɗago ta dube ta, ta ga gaskiya ba murnar take ba.

"Zauna in gaya miki. Wurin da aka tsayar da rubutu don shaida, ba mai buɗe shi sai ita shaidar ta sa hannu. Ba lauya ba, ba Shugaban Majalisa ba. In kuma ta sa hannu, ba a yankar inda ya yi wa mutum daɗi. Gaba ɗaya ake kunna shi a kotu, kowa ya ji."

"Me ake faɗa a irin wurin?"

"Komai. Na taɓa jin wanda Shugaba ya ce wa mamba, janye kawai, ai kowane alƙali ya san ba haka muke nufi ba. Irin wannan in kika samu, ɗan'uwanki ya sha. Na kuma ji wanda aka ce, janye, haka ɗin muke nufi." Ta zuba shayi a murfin filas. "Wannan ban san wanne ba ne. Ba na saurarar abin da ba a ba ni izini ba."

"To."

"Wahalar ma samo matar. Sunanta yana rufe a ofishin magatakarda, in ma tana raye. Sai kin rubuta, sun rubuto, kin sake rubutawa."

"Tana raye."

"Kin san ta ne?"

"Ita ta dafa mini shayi da safe."

Mai Kundi ta ajiye murfin filas ɗin a hankali. Ta sake duba shafin, idonta ya sauka a kan layin jaririn, ya daɗe a wurin. Ta jawo aljihun teburi ta ciro takardar izinin, ta ninke ta biyu, ta sa mata a hannu.

*

A bakin ƙofar Majalisa ta karɓi wayarta ta kira Lauya. Ta karanta masa abin da ta kwafa, ta tsallake maganar takalmi da ta jariri.

Lauya mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe ruwa. Tun kafin ta gama ya fara.

"Malama, kin san me kika tono kuwa? An kawo gyaran, an janye shi a ɓoye. Mutum mai taurin kai irin wannan ba ya janyewa sai an ba shi tabbaci. Ni na rantse Shugaba ya ce masa ba da direban haya ake ba."

"In kuma ba haka ya ce ba?"



"To da hannunmu mun miƙa wa lauyan gwamnati igiya. Amma in ba faifan, shafin nan kaɗai kashe mu zai yi. Zai ce ga shi an kawo musu 'da saninsa' sun ƙi. Ba mu da wata hanya. Za ki iya samo matar?"

"Zan iya."

"Madalla. Ki lallaɓa ta, ki gaya mata rai ne."

"Auta zai kasance a kotun ranar da za a kunna?"

"Dole mana. Shari'ar wa ake yi?"

Ta kashe wayar. Ta hau motar haya, ta zauna a bayan direba, tana kallon ƙeyarsa har aka iso unguwarsu.

*

La'asar ta yi lokacin da ta hau benen. Mama tana falo, ta shimfiɗa bargo a kan teburin cin abinci tana guga. Farar rigar Auta ce, wadda zai sa ranar kotu. Ranar ma ba a sa ba tukuna, amma rigar ta sha guga har wuyanta ya fara sheƙi.

"Kin dawo? Akwai abinci a tukunya."

"Na dawo."

"An samu wani abu yau, ko dai ƙurar takarda kika sake shaƙa?"

Malama ba ta cire takalmi ba, ba ta ajiye jaka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe takardar ta fara karantawa, da muryar da take yi wa yara shifta.

"Ni ban iya magana a gaban manya ba, ku yi haƙuri. Mijina a gidan mai yake aiki."

Dutsen gugar bai tsaya ba. Ya bi hannun riga ya sauka, ya dawo. Malama ta karanta har takalmin, har kukan jaririn, har inda aka tsayar da rubutu. Ta ninke takardar.

Mama ta juya rigar ta kama ɗaya hannun.

"Ƙafar hagu ce," ta ce.

"Na sani."

"Ashe sun rubuta har kukansa."

"Sun rubuta."

"Yunwa yake ji. Tun safe suka ajiye mu a baranda."

Malama ta jawo kujera ta zauna. Duk hanya tana jiran fushi ya zo, ta ma tanadar masa kalmomi. Ga ta ga Mama, fushin bai zo ba. Ji take kamar labarin wasu mutane ake ba ta, mutanen da ta sani sama-sama.

"Wa ya kai ki?"

"Wasu mata ne masu ƙungiya. Suka zo gaisuwa, suka ce ana neman wadda za ta yi magana."

"Kika yarda."

"Da farko na ƙi. Sai na gan shi."

"Wa?"

"Direban. A tasha. Ina goye da Auta, ina riƙe da hannunki. Yana zaune a kan motarsa yana shan lemo, ana ba shi labari yana dariya. Har ya ce mini, Hajiya ina za ku, akwai wuri." Ta yayyafa wa rigar ruwa. "Bai ma gane ni ba. Washegari na aika wa matan na ce zan je."

"Kin tabbata ya sani? Shi direban?"

"A lokacin na tabbata."

"Yanzu fa?"

Mama ta danna dutsen a kan aljihun rigar.

"Shi ya sa kika ƙona wa Auta lasisi," Malama ta ce. "Lokacin da ya fara koyon mota. Muka ce tsoron haɗari kike."

"Sau biyu na ƙona. Ya je ya yi na uku."

"Shi ya sa ranar da alƙali ya karanta sashe na tara kika fita, ba ki sake komawa kotun ba."

"Na san kalmomin. A gabana aka karanta su da farko."

"Kina kallona kullum ina fita da safe, Mama. Kin san abin da nake nema. Kin san inda yake."

"Na sani."

"Kika bar ni."

"Kullum in kin fita sai in ce yau za ta gani. In kin dawo ba ki gani ba, in gode wa Allah, sannan in ce Allah ya sa gobe ta gani." Ta ɗago rigar ta duba ta a hasken taga. "Na kasa faɗa miki da bakina. Ki kira shi abin da kika ga dama."

Malama ba ta kira shi komai ba. Ta ciro takardar izinin ta ajiye a gefen bargon. Ta yi mata bayani kamar yadda Mai Kundi ta yi mata, mai na'ura da ɗakin sanyi da sa hannu, ba ta rage ba ba ta ƙara ba.

Sai a nan dutsen gugar ya tsaya.

"Shugaba ya ce a daina rubutawa. Da kunnena na ji."

"Masu rubutu sun daina. Faifan bai daina ba."

"Duk shekarun nan yana nan?"

"Yana nan."

Mama ta jingine dutsen. Ta goge hannunta a zani, ta sake gogewa, alhali ba ruwa a hannun.

"Ba ni biro."

"Tsaya ki ji. A gaban Auta za a kunna. Yana tsaye a akwatin kotu zai ji komai."

"Na ji."

"Kuma ba a san ko zai cece shi ba. Sai in Shugaba ya faɗi abin da Lauya yake zato. Ke kina wurin. Me Shugaba ya ce wa mutumin har ya janye?"

"Ban sani ba."

"Mama."

"Wallahi ban sani ba. Ina gama maganata wata ma'aikaciya ta kama hannuna ta fitar da ni, na je na ba Auta nono a baranda. Na bar su suna magana ƙasa-ƙasa. Sun ɗan jima. Ko Shugaba ya ba shi tabbaci, ko kunya ce kawai ta kama mutumin, ban ji ba. Abin da na faɗa kaɗai na sani."

A ƙasa wani yana wanke mota, ana jin ruwa yana dukan ƙarfe. Malama ta saurari wannan na ɗan lokaci. Ta san tambayar da ta rage, ta kuma san in ta yi ta ba a mayar da ita.

"Me mutumin ya tambaye ki?"

Mama ta zauna a hannun kujera. Ba ta kalli 'yarta ba, rigar take kallo.

"Mutum ne mai ladabi. Ya miƙe tsaye ma kafin ya yi magana. Ya ce, baiwar Allah, yaron nan da ke bayanki zai girma. In ya girma ya zama direba, wasu suka hau motarsa bai san ko su wane ne ba, me kike so mu yi masa?"

"Kika ce me?"

"Da na yi shiru, da ya isa. Kowa ya ga hawayena, ba wanda zai matsa mini."

"Kika ce me, Mama?"

"Na kwance goyon. Na ɗaga shi sama da hannu biyu, yadda na ƙarshen teburi ma zai gan shi. Yana ta kuka, yana harba ƙafa." Muryarta ba ta canza ba, kamar mai faɗin farashin kaya a kasuwa. "Na ce ku dube shi da kyau. Ko wannan ne, ku rataye shi. Ni zan kawo muku shi da hannuna."



Malama ta dubi hannuwan Mama, tana neman ta ga jariri a cikinsu. Hannuwan tsohuwa ne kawai, da ɗan tabon ƙuna a babban yatsa. Ta so ta yi kuka, ko don Mama ta samu abin lallashi. Idanun suka ƙi.

Ta buɗe jaka, ta ciro jan biron da take duba aikin yara da shi, don shi kaɗai ke ciki. Mama ta karɓa. Ta sunkuya ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, ta hura tawadar duk da ba ta buƙatar hurawa.

Wayar Malama ta yi ƙara.

Lambar ofishin gidan yari ce. Ta kalle ta har ta kusa yankewa, sannan ta ɗauka.

"Yaya!"

Rabon da ta ji muryar Auta haka tun kafin a kama shi. Tana da ƙarfi har Mama tana ji daga inda take.

"Yaya, Lauya ya zo yanzun nan. Da ƙyar na roƙi Oga ya bar ni in kira. Ya ce kin samo. Ya ce akwai wata mata da ta yi magana a Majalisa tun ina jariri, in ta sa hannu an gama. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne akwai matar."

"Za ta yarda kuwa? Ki gaya mata ni maraya ne, ki gaya mata ni ma 'yan fashi ne suka kashe mini uba. In na fito, wallahi har gidanta zan je in durƙusa."

Malama ta dubi Mama.

"Yaya, kina ji na? Lokaci kaɗan aka ba ni. Mama na kusa? Ba ni ita, ni nake so in fara yi mata albishir."

Mama ta ajiye biron a kan farar rigar, ta miƙo hannu.